Ranar da Yayana Ya Ɗauki Gadar Gaya

Yayana ya dawo Malanville a shekarar da aka koro baƙi daga Nijeriya. Shekara tara ya yi a Ikko yana tuƙa wani Bature mai kamfanin gine-gine. Ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe guda, da rediyo, da takalmi mai tsinin baki wanda yashin unguwarmu ya cinye cikin wata biyu. Ni kuma lokacin ina gidanmu, na zo goyon cikina na fari, don haka kusan komai a idona aka yi shi.

Turanci bai dame mu ba, don ba ya yi mana shi. A garinmu mun saba da harsuna: Dendi a titi, Hausa a kasuwa, Faransanci a bakin jandarma da duwan, wato 'yan kwastan. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne Hausar tasa. Kalmomin duk namu ne, amma an jera su wani iri, kamar wanda ya sa rigarsa a baibai.

Washegarin zuwansa ya fito tsakar gida da tawul a wuya ya ce, "Inna, zan ɗauki wanka."

Inna ba ta yi masa magana kai tsaye, don shi ne ɗanta na fari. Sai ta juyo wurina. "Mi yac ce?"

"Wai zai ɗauki wanka."

"Tambaye shi, ina za shi kai shi?"

Haka muka yi ta fama. Shayi ɗaukarsa yake yi, magani ɗaukarsa yake yi, har hutu ɗauka yake. Da mura ta kama shi ya ce hancinsa yana gudu, Gwaggo, yayar babanmu da idonta ya yi rauni, ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa ta ce ga shi nan bai je ko'ina ba. In yana ciniki a rumfar Kawu kuwa, sai ya liƙa wata 'yar wutsiya a ƙarshen kalma, ya ce a sauke "buhus" goma. 'Yan dako suka riƙe wannan, har yau akwai tsofaffi a kasuwar albasa da ke faɗin haka ba su san inda ta samo asali ba.

Wadda ta fi ba shi wahala ita ce amsar tambaya. A wurinmu in aka ce maka "Ba ka ci abinci ba?" kuma ba ka ci ɗin ba, sai ka ce e. Shi kuwa Baturensa ya hore shi shekara tara har ya juya masa abin: in bai ci ba sai ya ce a'a. Kwana uku a jere Inna tana tambaya ta bakina ko bai ci na rana ba, yana cewa a'a, ita kuma ta rufe tukunya tana cewa ashe ya ci a kasuwa. Shi yana jin kunya ya roƙi abinci a gidan uwarsa, ita tana jin haushi wai ya raina girkinta. A rana ta huɗu na same shi a bayan rumbu yana cin ƙanzo, sannan muka gane.

Zamanin nan soja ke mulki, kowa "kamarad" ne, kuma kowace unguwa tana da delege, wanda aikinsa ya sa ido ya kai rahoto. Namu wani mai sayar da goro ne, mutumin kirki, amma kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma tun da aka naɗa shi bai taɓa samun abin kaiwa ba sai faɗan awaki.

Ƙanwar Inna da ke aure a Gaya, can ƙetaren kogi, ta haihu, aka sa suna ranar Alhamis. Ran Laraba da hantsi maza na zaune gindin dogon yaro a ƙofar gidanmu, wani ya tambayi Yaya ko da kwalekwale za mu ƙetare. Ina daga zaure ina tsintar shinkafa, na ji amsarsa sarai.

"A'a. Gobe da sassafe za mu ɗauki gada, kafin duwan su farga da cunkoso. Mu shida ne, har da rago."

Nufinsa ta kan gada za mu bi. Delege yana zaune ta gefen da kunnensa mai ji yake, amma daidai wurin "da cunkoso" da "har da rago" wata babbar mota ta wuce. Na ga ya tashi ya naɗe buhun goronsa da sauri, na ɗauka fitsari ya matse shi.

Bayan azahar sai ga jandarma biyu a ƙofar gida. Suka ce kwamanda yana son ganin Yaya da sauran mutum biyar ɗin, yanzu-yanzu. Yaya ya so ya yi bayani, suka ce ya adana shi sai can. Haka muka fita a jere. Yaya a gaba, Kawu yana ɗingishi da gwiwarsa, Gwaggo ta riƙe gefen zanen Inna, ni a baya da cikin wata takwas. Aka ƙirga mu biyar. Jandarma ya ce ina na shida. Kawu ya koma ya kwanto ragon.

Kwamandan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa ko Dendi. Wani tsohon soja mai gashin baki fari shi ke yi masa tafinta. Delege na tsaye a gefe ya gyara hula. Kwamanda ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan ragon, amma bai yi dariya ba, don takarda ta riga ta shiga hannunsa.

Tsohon soja ya fara. "Kai kac ce za ku ɗauki gada?"

"Ni na ce."

"Ba ku da bindigogi?"

"A'a," in ji Yaya.

Tsohon soja ya ja da baya taku ɗaya, ya juya ya gaya wa kwamanda cewa suna da su. Jandarman da ke bakin ƙofa ya gyara tsayuwa. Ni na san abin da ya faru, amma ban isa in sa baki ba.

"Ba wanda ya turo ku daga Nijeriya?"

"A'a."

Nan ma ya fassara cewa an turo mu. Kawu ya fara salati. Gumi ya jiƙa wa Yaya riga, kuma da ya ruɗe sai Hausar ta ƙara karkacewa, ya ce don Allah su biya hankali su ji shi.

Inna ce ta tsaya mana. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya gaban baƙo ba ta matsa gaban tebur ta ce wa tsohon sojan, "Malam, tambaye shi ko bai ci tuwo ba yau."

Tsohon ya yi turus, amma ya tambaya. Yaya ya ce a'a.

"To, ka ji. Bai ci ba, ni ad da tukunya. In wanga yaro yac ce a'a, e yake nuhi. Can aka lalata mishi baki."

Sai da aka ɗauki lokaci ana juya wannan zuwa Faransanci. Kwamanda ya aje alƙalami. Ashe ya ɗan yi Turanci a makaranta. Ya ce wa Yaya ya maimaita maganar gadar da harshen Baturensa. Yaya ya faɗa. Sai kafaɗun kwamanda suka fara rawa, ya kifa kai a tebur yana dariya har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ce ai su ma a Faransanci haka suke cewa, shi kansa kullum yana ɗaukar hanyar Kandi, ba wanda ya taɓa kama shi.

Tsohon soja bai ji daɗi ba. Ya ce shi shekara talatin yana tafinta, kuma a Hausa in mutum ya ce zai ɗauki abu, to ɗauka zai yi. Kawu ya goyi bayansa. Gwaggo, da ba ta gane komai ba tun farko, ta tambaya ko an gama sunan ne. Ana cikin haka rago ya cinye gefen takardar rahoton delege.

Aka sallame mu kafin la'asar. Delege ya biyo mu har gida yana ba Inna haƙuri, ya bar mata goro fari guda biyar, ya kuma roƙi Yaya in zai yi irin wannan magana nan gaba ya zauna ta ɗaya gefen nasa, wanda ba ya ji.

Da safe muka bi ta gada kamar yadda aka shirya. Labari ya riga mu isa. Duwan na wannan bakin suka fito suka tsaya a layi suna kallonmu, ɗaya ya sara wa Gwaggo. Wani ya ɗaga murya ya ce in mun gama da ita mu mayar musu inda muka same ta, akwai motocin albasa da ke jira.

A Gaya kuwa abin ya girma. Mun tarar ana cewa mu sittin ne, kuma an yi harbi. Mijin ƙanwar Inna ya riga ya aika a sayo wani rago, don an gaya masa namu yana tsare. Shi ya sa aka yanka biyu a sunan nan, maƙwabta suka ci nama har suka aika wa na ƙauye. Yaya ya yini a kusurwar zaure, duk wanda ya tambaye shi wani abu sai ya gyaɗa kai ko ya girgiza, bai yarda ya buɗe baki ba sai da aka kawo fura.