Kunnuwan Awakin Alhaji

Innata ba ta da gona, ba ta da shago. Awakinta ne bankinta, su ne kuma abokan hirarta, don ta fi yi musu magana mai daɗi a kanmu 'ya'yanta.

Ana dab da zaɓen depite, wato ɗan majalisa, wani saƙon murya ya shiga wayoyin mutanen garinmu Gure. Muryar Alhajin unguwarmu ce, ɗan takara, wanda Inna ta sani tun yana yawo ba wando. Ya rantse da Allah cewa allurar rigakafin da malaman dabbobi ke yi guba ce, abokin hamayyarsa ya kawo don ya ƙarar da dukiyar talaka. Maƙwabciyarmu ta kunna wa Inna. Da masu allurar suka zo, ta rufe ƙyaure ta ce su nemi wani gidan.

Bayan zaɓe ciwon awaki ya shigo. Majina, gudawa, sai akuya ta kwanta ba ta tashi. Ina kallo turakan Inna suka zama fayau, sai wata tsohuwar akuya mai ido ɗaya da ko mutuwa ta raina.

Wata rana muka kai ta shan ruwa rijiyar kwari, muka tarar da garken Alhaji, sumul sumul. Inna ta tsaya cak. Duk dabbar da aka yi wa rigakafi, malaman sukan cire mata ɗan gibi a gefen kunne don shaida. Ta kama kunnen wannan, ta saki, ta kama na waccan. Babu wadda ba ta da gibin.

Makiyayin ya ce, “Ai Alhaji da kansa ya kira su, Inna. Garkenmu aka fara yi wa.”

Muka koma gida, Inna ta kwance igiyoyin da ke kan turakan matattun duka, ta ce in bi ta.

Muka sami Alhaji a zaurensa cike da 'yan barka, don ya ci zaɓen. Inna ta zube igiyoyin a kan dardumarsa.

“Alhaji, ga awakina. Kai ka ce guba ce, ka rantse.”

Na zaci zai musa, ko ya ce an haɗa muryar ne. Da ma ya musa ɗin, da na fi samun sauƙi. Sai ya yi murmushi ya dubi mutanensa.

“Haba Inna, ai lokacin siyasa ne. Ban zaci za ki ɗauka da gaske ba.”

Har wani ya yi dariya. Inna ta dube shi ta ce, “To yanzu da kake magana, wane lokaci ne? Faɗa mini in san ko in yarda.”

Aka miƙo mata shayi, ba ta karɓa ba. Muka fito muka bar masa igiyoyin, don ba mu da abin ɗaurewa da su.