Katantanwar Kaka a Toranke

A da, in aka yi zancen katantanwar teku a danginmu, sunana ake kira. Na yi aikin jirgin ruwa daga Legas har Mombasa, ina tsintarsu ina jerawa a akwati, kowace da danginta: masu ƙaya gefe, 'yan'uwan wuri, kuɗin da, gefe. Ɗaya ce ta ƙi shiga ko'ina, wata ja mai dogon baki da na samo a Bur Sudan. Na tambaya da Larabci, na tambaya da Turanci, masana suka ce ba a daddale asalinta ba. Sai bana na ji wai taubashina Sabo na Toranke, wanda bai taɓa wuce Kano ba, yana da irinta. Kakanmu ne ya zo da ita daga hajjin ƙasa, ya tsallake ni ɗan ɗansa ya ba ɗan 'yarsa.

Kano zuwa Gaya

Na bar gida bayan sallar asuba, tawa a gwangwanin alewa, niyyata in gwada su in kuma raba Sabo da tasa. A shingen gadar Wudil ɗan sanda ya girgiza gwangwanin.

"Baba, magani ne?"

"Dodon koɗi ne, ɗana."

"Har shi ma ziyara yake zuwa?"

Muka isa Gaya da hantsi. Na karya da ƙosai da koko, sun fi na Jidda komai, amma ban ji daɗinsu ba. Tunanin Kaka nake yi.

Ajingi zuwa Toranke

Daga Ajingi ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonakin gero da gyaɗa. Na tarar da Sabo a zaure tare da wasu dattawa, yana gyaran fartanya.

"A'a, Sarkin Ruwa! Teku ta ƙafe ne?"

"Bawana, ɗauko kayan Kaka in gani."

Ya ciro ta daga tsohuwar jakar fata. Ta fi tawa girma, ta fi ta ja, ko tsaga babu. Na fito da tawa daga gwangwani. Na aza su a tabarma: launi ɗaya, baki ɗaya, amma layukan bayan tasa a kwance, nawa a tsaye. Na ce masa kama ba ta isa shaida ba, yanzu sai an gwada naman dabbar ake sanin dangi, waɗannan kuwa kwanso ne kawai.

"To kamar ni da kai ke nan," in ji shi. "Hanci ɗaya, hali daban."

"Ba ni ita in kai inda za a duba. Kai me ka sani a kanta?"

"Na san ni aka ba."

Matarsa Inna Hajo ta aiko da tuwon dawa da kaza, ta leƙo ta ce in yi haƙuri, sauran cika-ciki ne. Nan na farga. Shekarun ruwa sun mantar da ni lissafin wata: na kawo kaina gidan taubashi ranar karɓar shara, kuma ni ɗan namiji, a kaina take. Na laluba aljihu.

"Bar kuɗinka, ubangidana," Sabo ya ce, ya sa hannu ya ɗauke katantanwata. "Wannan ta ishe ni. Ka ce ba ta da dangi, ga shi ta samu."

Dattawan zaure suka tuntsire da dariya. A gabansu ba a hana taubashi shararsa.

Komawa

Na kwana, ban yi barcin kirki ba. Washegari ya raka ni bakin hanya har da ƙullin gyaɗa. Na iso Kano da la'asar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah, da Inna Hajo, da direbobin da suka ɗauke ni. Sabo kuwa ban gode masa ba tukuna.

Gurbin nan na akwatina babu komai a ciki yanzu. Duk mai son ganin katantanwa mafi wuya a danginmu, Toranke ake tura shi, ni ma can nake zuwa.