Lafiyayyen Lemun da Baba Ya Sare

Wata Asabar a daminar 1986, ina da shekara tara, na bar ƙawayena suna buga ampe, wasan tsalle da tafi, a unguwarmu ta Maamobi na bi Baba lambunsa na bakin rafin Alajo. Itatuwan lemun tsaminsa, waɗanda Mma ke kai 'ya'yansu kasuwar Nima, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ganye ya yi rawaya, rassa suna bushewa daga sama. Mun zuba toka, mun zuba kashin kaji, har rubutu Baba ya yayyafa, a banza. A tsakiyarsu kuwa akwai lemun zaƙi guda, shar da shi. Nawa ne, ranar sunana aka dasa shi, ni ke ba shi ruwa da gwangwanin madara.

Ranar ce malamin gona ya zo, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga mai cakuɗa Hausa da yaren Twi. Ya riƙa ɗaga ganye yana dubawa ta hasken rana, ya ɓare ɓawon reshe ya nuna wa Baba wasu ƙananan ramuka. Abin da ya ɗaure min kai, sai ya yanki tsiro daga nawa, wai zai ɗaura shi a jikin ƙaramin lemun tsami ya ga abin da zai faru.

Bayan wata uku ya dawo da shukar a tukunya, jijiyoyin ganyenta sun koɗe. Ya ce, "Baba, ciwon yana cikin wannan mai lafiyar. Shi ba ya ji, amma ƙananan ƙwari suna ɗiba su kai wa sauran. Babu magani."

Na ce, "Baba, marar lafiya yana 'ya'ya haka?"

"Ni ma ban gane ba, Hajara, amma lemun tsamin nan ke ciyar da mu," in ji shi, ya ɗauki adda ya sare nawa. Na tsince lemuna a zanena ina kuka, kwana biyu ina tambayar Mma ko ni ma ina da ciwon ban sani ba. Duk da saran, rabin itatuwan sai da suka mutu.

Yanzu gidajen bulo sun cinye lambun, jikokina kuwa sai ferarren lemu a faranti suka sani, ba su taɓa zama a inuwarsa ba. Baba ya rasu ban tambaye shi ko ya yi nadama ba. Har yau ban san wanda ya yi daidai ba.