Matar da Na Cire daga Layin Gaba

Shekara tara ina jan waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Kagoma, kuma ba a san ni da haƙuri ba. Ko tari mace ta yi a tsakiyar baiti, sai na waiwaya na galla mata harara.

A layin gaba akwai wata da muke kira Maman 'Yan Biyu. Mijinta ya rasu, da aikin tsaga citta da shanya ta take riƙe yaranta. Allah ya ba ta murya, amma da an fara haƙar citta sai hancinta ya ɓalle kamar famfo. Atishawa bakwai, takwas a jere, ido ja wur, hankici kullum a hannu. Ni na fara tsokanarta cewa mun samu sabon kayan kiɗa. Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, sai na ɗauka ba komai.

Da taron zumunta na Kafanchan ya matso, na ja ta gefe bayan gwajin waƙarmu ta Alhamis, na ce ta zauna a gida har murar ta sake ta. Ta ce, "Mama, wannan ba mura ba ne, ba ya tafiya." Na ce ta dai huta. Gaskiya ba lafiyarta ce ta dame ni ba, kunyar baƙi nake gudu.

Muka je, muka rera, aka tafa mana. Maman 'Yan Biyu ba ta ƙara zuwa gwajin waƙa ba, ni kuma ban neme ta ba. Na ce wa kaina fushi take yi, za ta huce.

Sai bayan Ista yayarta ta tare ni a kasuwa. Ta ce ƙanwar tata ta daina fita, ta daina cin abincin kirki, sai da suka kai ta asibiti. Likita ya ce hancinta ne ba ya shiri da ƙurar citta, toshewarsa ta daɗe tana hana ta barci, ga gajiya, ga kunyar shiga mutane, har abin ya haɗu ya zama ciwon damuwa. Ashe gwajin waƙar Alhamis ne kaɗai yake sa ta tashi ta yi wanka ta fito. Ni kuwa shi na ƙwace mata.

Washegari na tafi gidanta, duk hanya ina shirya yadda zan roƙi gafara. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta rame. Ban kai ga buɗe baki ba ta durƙusa.

"Mama, ki yafe mani. Na daɗe ina ɓata maku waƙa."

Na ce ta dawo, wurinta yana nan. Ta ce ta gwada rerawa ita kaɗai a ɗaki, muryar ba ta fitowa.