Ranar da Kawu Cliff Ya Ba da Ni Aro

Kawuna Clifford Raine, wan mahaifiyata, maginin katangar dutse ne. Duk katangun nan da suka raba makiyayar tumaki tun daga ƙauyenmu Kelderby har gindin tsauni, in ba shi ya ɗora su ba to shi ya gyara su, kuma babu siminti, dutse kan dutse kawai. Aikinsa ke nan daga Litinin zuwa Juma'a. Ranar Asabar kuwa sai ya wanke hannu, ya sa fararen kaya, ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta ƙauyenmu, wasan nan na buga ƙwallo da katako. Tun ina rarrafe shi ne kyaftin. Kowace shekara a taron zaɓe sai ya ce ya gaji, a nemi wani. Kowa sai ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa, shi kuma ya yi tsaki ya ce, “To, bana kaɗai.”

Kada ka ɗauka wata sarauta ce. Kyaftin shi ke yanke ciyawar fili, shi ke korar tumakin da suka kwana a ciki, shi ke kwashe abin da suka bari. Daren Alhamis kuma ya rungumi waya yana roƙon mutane har ya haɗa goma sha ɗaya. Ya taɓa zuwa zaman makoki ya dawo da ’yan wasa biyu.

Bugunsa kuwa irin gininsa ne. Idan ya tsaya da katakonsa gaban sanduna ukun da mai bugu ke karewa daga ƙwallo, mai jifa ya yi ta jifa har kafaɗarsa ta sage, Kawu tarewa kawai yake yi. Ya tare, ya tare, can ya ɗan tura ƙwallo gefe ya yi tattaki zuwa ɗaya gefen, maki ɗaya. Bai yarda da ɗaga ƙwallo sama ba ko kaɗan, domin in aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa ka fita ke nan. Yakan ce ƙasa ba ta da hannu. Tsofaffin da ke zama a bencin gindin bishiya sun san in Kawu ya shiga, lokacin gyangyaɗi ya yi.

Da wannan halin ya shekara talatin da wani abu yana wasa bai taɓa kai maki hamsin a wasa ɗaya ba. A wurinmu in mutum ya kai hamsin kowa miƙewa yake yi, har abokan hamayya, a yi masa tafi, shi kuma ya ɗaga katakonsa sama. Mahaucinmu ya ɗaga. Fasto ya ɗaga. Wata ’yar makaranta da aka cika gurbi da ita ta ɗaga a wasanta na biyu. Kawu dai sai tafa wa mutane. Ba ya zancen, amma ni na taɓa leƙa shi a ɗakin ajiyar kaya shi kaɗai, yana gwada yadda ake ɗagawar, har da ɗan sunkuyar da kai na kunya.

Bara sai gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Likita ya ce da zarar kakar wasa ta ƙare za a cire ta a sa ta ƙarfe. Kawu ya tara mu ya ce wasan ƙarshe na kakar, wanda za mu yi da ƙauyen Askrow, shi ne nasa na ƙarshe. Wato ko ranar ko babu.

Ni kuma sunana Rory. Makaranta na bar ta tun kafin ta gama shawarar korata. Na wanke motoci, na soya kifi da dankali, na tafi birnin Leeds neman arziki na dawo da tari. Mahaifiyata ce ta kai ƙarata wurin yayanta, shi ya sa ni ɗaukar masa dutse, ya kuma cusa ni cikin ƙungiya don a san inda nake ranar Asabar. Gudu dai ina da shi, baki ma haka. Hannu ne Allah bai ba ni ba. Duk ƙwallon da ta zo mini ta sama sai ta bi ta tsakanin yatsuna ta wuce, shi ya sa suke kirana Rariya.

Ranar wasan gari ya yi kyau, rana ta fito kamar an biya ta. Mu kuma abin da bai taɓa faruwa ba ya faru, muka tashi mu goma sha biyu, don kowa na son ya ga ƙarshen Kawu. Mutanen Askrow suka iso a motoci uku. Kyaftinsu Gordon Peacock, wani mai kiwon shanun madara da wuyansa ya fi cinyata kauri, ya fito yana sosa ƙeya.

“Cliff, mu goma ne. Alan bai zo ba, saniyarsa ta tashi haihuwa.”

“Ita ma ta san za ku sha kashi ne, ta rufa masa asiri,” in ji Kawu. “Kada ka damu, zan ba ka aron mutum.”

Wannan al'ada ce tun kakanni. Baƙo in ya zo da giɓi, mai gida ke cika masa. Wanda aka ba da aronsa kuma dole ya yi wa baƙi wasa tsakani da Allah, kamar a can aka yanke masa cibiya. In ya yi ha'inci ba shi kaɗai ya ji kunya ba, duk kwarin nan za a ji cewa aron Kelderby ba abin karɓa ba ne.

Kawu ya juyo yana duban mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen dutse, alhali kowa ya san inda idonsa zai tsaya.

“Rory, je ka.”

“Haba Kyaftin! Ɗan ƙanwarka fa?”

“Shi ya sa. Abu mai daraja ake ba baƙo.”

Gordon ya dube ni sama da ƙasa. “Wannan ba shi ne Rariya ba? Cliff, ka ba ni karenka mana, shi ko da baki zai cafe.”

“Karen yana da aiki. Karɓi abin da ka samu.”

Ƙauyenmu ne ya fara bugu. Gordon ya tura ni can ƙarshen fili, dab da igiyar iyaka, kusa da katangar makabartar coci, ya ce in tsaya nan kada in taɓa komai. Na ji daɗin wurin. Akwai inuwa, ga ’yan mata biyu zaune kan katanga suna shan askirim, na fara ba su labarin Leeds.

Kawu ya shiga da ɗingishinsa ya fara ginin da ya saba. Ɗaya. Shiru. Ɗaya. Abokan bugunsa suna zuwa suna ɗaga ƙwallo sama ana cafewa suna komawa, shi yana nan. Amma ranar akwai abin da ya bambanta. Ƙwallo biyu ya tura suka gangara har igiya, maki huɗu huɗu, shi kansa sai da ya duba katakon kamar wani ya musanya masa. Da yaron da ke kula da allon maki ya rataya talatin a gaban sunansa, tsofaffin benci suka farka. Da ya kai arba'in, matarsa Inna Maureen ta fito daga ɗakin shayi da wuƙar yanka burodi a hannu ta tsaya bakin ƙofa.

Gwiwar kuwa ta kumbura, daga inda nake ina ganin yadda yake jan ƙafar. Kowane gudu sai ya tsaya ya dogara da katako yana huci. Mutanenmu duk sun fita sai na ƙarshe, Wilf mai raba wasiƙu, wanda in ƙwallo ta nufo shi rufe ido yake yi. In shi ma ya fita bugunmu ya ƙare, ga Kawu na da arba'in da shida.

Wilf ya taka zuwa tsakiya, muryarsa har inda nake. “Cliff, ni fa ba zan daɗe ba. In za ka yi, yi yanzu.”

“Rufe mini baki ka riƙe katakonka daidai.”

“Ka ga na gaya maka dai.”

Mai jifa ya sheƙo. Ni ina kallon Kawu na ga ya yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ya matsa gaba da lafiyayyar ƙafar, ya zage, ya narka wa ƙwallon katako da duk ƙarfin hannun da ya saba ɗaga dutse. Ta tashi sama. Ta yi ta tafiya har ta zama ɗigo, sannan ta fara saukowa, kuma duk faɗin filin nan ba ta ga kowa ba sai ni.

Na ga inda za ta faɗi, taku kaɗan cikin igiya. In ta taɓa ƙasa tsalle ɗaya za ta yi ta haye, huɗu ke nan, hamsin cif. Na ji Gordon yana ihu, “Taka ce, yaro! Taka ce!”

Ka san abin da ya zo mini? Hankalina kwance yake. Na ce a raina, Rory, ba sai ka yi ha'inci ba. Yi iyakar ƙoƙarinka kamar kullum, hannuwan nan naka ba su taɓa ba ka kunya ba, za su yar da ita da kansu. Kawu ya samu hamsin ɗinsa, kai ka fita da mutuncinka, kowa ya ci riba. Saboda haka na ruga da gaske, na shiga ƙarƙashinta, na haɗa tafuka yadda aka koya mini, ina jiran in ji ta sulale.

Ta faɗo tas, ta zauna. Na buɗe ido na ga ta kwance cikin hannuna kamar ƙwai a sheƙa. Har na ɗan girgiza hannun ko za ta canza shawara. Ina!

’Yan Askrow suka yo kaina suna tsalle, Gordon ya ɗaga ni sama har haƙarƙarina ya yi ƙara. Daga bencin tsofaffi wani ya ce, “Ɗan banza! Yau ka ga dama?” Ɗaya daga ’yan matan nan ta ce, “Ashe mugu ne.”

Kawu ya daɗe tsaye yana kallona daga nesa. Sannan ya sa katako a hammata ya kama hanya. Duk fili aka miƙe ana tafi, mu da baƙi, amma bai ɗaga katakon ba. Arba'in da shida ba hamsin ba ce, kuma shi ba mai cin abin da bai kai ba ne.

Lokacin shayi ya yi. Teburinmu ɗaya ne dogo, baƙi a wancan gefe, mu a wannan, ni kuwa ban san inda zan sa kaina ba. Na ɗauki faranti na raɓe kusa da ƙofa yadda in ta ɓaci zan riga kowa fita. Kawu na zaune an ɗora masa ƙafa kan kujera da ƙunshin ƙanƙara a gwiwa.

“Rory. Zo nan.”

Na matsa, amma ba inda hannunsa zai kai ba.

“Nuna mini hannuwan.”

Na miƙa. Ya jujjuya su kamar mai duba doki a kasuwa.

“Shekara nawa ina jefa maka ƙwallo a bayan gida kana zubarwa?”

“Kawu, na rantse na ɗauka za ta faɗi. Da ita na dogara.”

Gordon ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Kawu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

“Kun dai gani,” ya ce wa ’yan Askrow. “In Kelderby ta ba ku aro, ta ba ku. Ku je ku faɗa.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma ƙafarka ta hagu ta yi baya da yawa. Sa'a ka ci.”

“Cliff, ka ji yadda ta yi ƙara kuwa?” in ji Wilf da baki cike da kek. “Da ka fara irin wannan bugun tun kana saurayi, da yanzu a talabijin muke ganinka.”

Kawu ya kurɓi shayi yana kallon fili ta taga, can ya ce, kamar da kansa yake magana, “Da na ɗan karkata ta hagu kaɗan, babu kowa a wurin.” Ya sake kurɓa. “Likitan nan ya ce masu gwiwar ƙarfe har rawa suke yi. Zuwa bazara ai ta warke.”

Inna Maureen tana tsaye da butar shayi. Ta ajiye ta a hankali, ta zagayo tebur, ba wurin mijinta ba, wurina. Ta zare farantin daga hannuna.

“Mutumin nan ya yi mini alkawari in ya samu hamsin ɗinsa, Asabar ɗin baɗi duka a bakin teku za mu yi su. Har rigar wanka na saya. Yanzu ka ƙara mini shekara guda ta yankan burodi.” Ta nuna mini ɗakin girki da haɓa. “Kofuna na can. Tunda hannun naka ya fara riƙe abu, je ka wanke, kuma ka fasa ɗaya ka gani.”

Wasan dai mu muka ci, wato su, wato Kelderby. Da na shiga yi wa Askrow bugu, Kawu ya kira mai jifarmu mafi zafi ya raɗa masa wani abu a kunne, jifa ɗaya ya watsa mini sanduna, na fita. Da yamma na ɗauko masa jakarsa zuwa mota, yana tafe yana dafa kafaɗata saboda ƙafar, yana yi mini bayanin inda zai tura irin wannan ƙwallon baɗi.