Kunkuru Mai Hawaye a Bahon Iya

A gidanmu na Rurum, idan aka sauke tuwon dare ba a kashe wutar murhu. Kakarmu Iya ce ke gaje ta. Ta jawo tabarmarta, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ni ce mai sunanta, don haka Takwara take ce mini, kuma ni ce mai zama jikin gwiwarta ko da kuwa sai an yi dambe.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina aji huɗu a firamare. Kawu Sule, ƙanin babanmu, direban babbar mota ne mai kai albasa Legas. Wata rana ya dawo da tsarabar da ta tara mana unguwa: ɗan kunkuru a cikin bokiti, bai fi faifai girma ba. A wurin masunta ya karɓo shi, wai ragarsu ce ta kamo. Ni na fara cewa nawa ne, na yi ta birgima har aka bar mini.

Amma wannan kunkuru daban yake. Ba shi da ƙafafu irin na wanda muka sani, sai wasu hannaye masu faɗi kamar ganyen masara. Ka taɓa masa kai, ba ya shigar da shi ciki. Baba ya ce a jefa shi rijiya ya riƙa cinye mana tsutsa, Iya ta ce a dakata. Na zuba masa ruwan randa a baho, na ba shi tuwo, na ba shi dusa, har ƙuli-ƙulina na gutsura masa. Ko kallo bai yi ba. Kwana uku yana kwance, kuma duk sa'ad da na ɗaga shi sai in ga ruwa mai yauƙi yana bin idonsa. Wallahi hankalina ya tashi, na tabbata mutuwa zai yi a hannuna.

Daren na ukun na kawo bahon bakin murhu ina kuka. Iya ta dube ni ta ce, "Takwara, ke da shi wa ya fi wani hawaye? Share majina, ga wata tatsuniya nan tafe daga bakin ruwan gishiri."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai a da can, Kunkuru yana da ƙanwa, suna zaune a tudu. Aka yi fari, rafuka suka ƙafe. Shi ya shige ƙoƙon bayansa ya ce zai jira damina, ita kuwa ta ce ba za ta zauna ƙishirwa ta kashe ta ba. Ta yi ta tafiya har ta iske ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ta kurɓa, ta ji gishiri zalla. Sarkin ruwan ya ce mata, "Baƙuwa, nan ba a shiga da kayan tudu." Ta ce ta yarda a karɓe. Ya murje ƙafafunta suka baje don iyo, ya rage mata ƙoƙo don kada ya yi mata nauyi, shi ya sa ba ta da wurin ɓoye kai. Sannan ya shafa idonta ya ce ta sha ruwan son ranta, gishirin zai riƙa fita ta nan. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta riƙa fitowa tudu tana binne ƙwanta a yashi, don kada 'ya'yanta su manta daga inda aka fito.

Yayana Bala ya ce, "Kai Iya, wannan dai shirya ta kika yi yanzu."

"Ungo naka, mai kunnen jemage! Sarkin ruwan ne kawai ban gani ba."

Ashe tana yarinya iyayenta sun tafi da ita Makka ta ƙasa, suka yi shekara biyu a bakin Bahar Maliya suna jiran jirgin ruwa. Ta ce da idonta ta ga uwayen irin wannan kunkurun, manya kamar turmi a kife, suna jan ciki su haƙa rami su zuba ƙwai, hawaye na zuba. Sannan ta ce su yara suna bin sawun su tone ƙwan su dafa. "Rami guda muke kwashewa tas, ko ɗaya ba ma bari. Har yau idan na tuna sai na nemi gafarar Allah."

Ta sa aka kawo gishirin miya. Tana barbaɗawa a bahon, tana tsoma yatsa tana ɗanɗanawa, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, har ta ce, "Yauwa, haka yake." Ta juyo gare ni. "Wannan dabara ce ta kwana biyu. In kina son sa da rai, sai ya koma."

Na so in yi gardama, amma na kalli yadda ya saki hannaye a ruwa, sai na ce a mayar da shi.

Kawu Sule ne ya tubure da safe. "Haba Iya! Ni da girmana a tasha, a gan ni da kunkuru a gaban mota? Ai sai a ce na fara taɓuwa."

"Da ka ɗauko shi girman naka yana ina? Kai ka kawo, kai za ka mayar."

Jibin ranar aka gama lodi, ya tafi da bahon a ƙarƙashin kujera, an rufa masa jiƙaƙƙen tsumma. Waya ba ta zo mana ba tukuna, sai jira. Kwana goma sha ɗaya na yi ina tsayuwa a bakin hanya duk yamma, abinci ma ba ya shiga.

Ranar da Kawu ya sauka daga kan acaɓa da baho wayam, na ruga na tare shi. Mutumin nan kuwa sai da ya yi alwala, ya yi sallah, ya nemi fura, ni ina tsaye kamar in shaƙe shi. Sannan ya ce ya kai shi inda babu masunta, ya ajiye a kan yashi, kunkuru ko motsi. "Na ce shi ke nan, na yi dakon gawa. Sai ruwa ya taso ya taɓa shi. Ke, kin ga gudu? Ashe duk lalacin nan na baho ne! Kafin in gyara hula ya ɓace."

Na yi ihu na faɗa kan Iya har na kusa tura ta cikin toka. Ita dai alhamdu lillahi take ta maimaitawa, ta ce ko guda ɗaya ne dai ta mayar. Daren nan na ci tuwo malmala biyu.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Yanzu ina koyarwa a Kibiya, kuma na karanta cewa gaskiya ta faɗa, gishiri ne kunkurayen teku suke fitarwa ta ido. Na kuma ga yadda suke haɗiye leda a zaton abinci ce, ta toshe musu ciki. Na san ruwan kwatarmu ba ya kaiwa teku, amma hannuna ya ƙi yarda in yar da leda, ɗalibaina har tsokanata suke yi. Da ina ganin son abu shi ne ka riƙe shi kusa da kai. Sai da na girma na gane da an biye wa son da nake masa, da a bayan ɗakinmu aka binne shi. An ce suna da tsawon rai ƙwarai. Ni har yau ban taɓa ganin teku ba, amma idan aka ambace shi sai in ji sanyi a raina, don ina da nawa a ciki.