Tarihin Alhaji Madu Mai Kifi, Sarkin Dajin da Biri Ya Kora

Haihuwa da sana'a

An haifi Alhaji Madu a Maiduguri a shekarar 1951. Mahaifinsa Bukar dillalin busasshen kifi ne, mahaifiyarsa kuwa Ya Falmata. Bayan ya sauke Alƙur'ani, ya gaji sana'ar gidansu a kasuwar kifi ta Baga Road.

Shigarsa fim

A shekarar 1974 wasu Turawa suka zo ɗaukar fim a Sambisa, lokacin yana gandun namun daji, suna neman wani maharbi mai suna Madu. Tafintansu ya shiga kasuwa ya ƙwala kira, alhali a Borno in ka kira Madu rabin kasuwa ne ke waiwayowa. Marigayi ya riga kowa amsawa, a zatonsa ciniki ne ya zo. Suka yaba tsawonsa, suka rataya masa bindigar katako, shi da ko ɓera bai taɓa harbi ba. Daga nan laƙabin Sarkin Daji ya bi shi, ya kuma kafa hotonsa da bindigar a rumfarsa.

Aure

Ya auri Fanna a 1978, suka zauna a Bulumkutu.

Jarrabawa

A shekarar 2013, da fitina ta tsananta, matasan sa-kai suka ga hoton, suka ji laƙabin, suka tsare shi bisa zargin alaƙa da 'yan tada ƙayar bayan da suka fake a dajin Sambisa, zargin da ba kasafai ake dawowa daga gare shi ba. Amininsa Pindar, tsohon mai haska fim a silima, ya tono kaset ɗin fim ɗin, ya roƙe su su kalla kafin su miƙa shi ga sojoji. Suka ga Sarkin Daji ya fito sau ɗaya tak, biri ya yi masa tsawa, ya yar da bindiga, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Matasan suka yi dariya har da hawaye, shugabansu ya kwance shi da hannunsa, ya ce, "Baba, ka yafe mana." Tun daga ranar marigayi ya daina musun cewa gudun nan na gaske ne, ba ya cikin shirin Turawa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a 2019, a kan gadonsa, a gaban iyalinsa. Aka yi masa wanka da sutura, jama'a suka sallace shi, Pindar ya raka shi har maƙabarta. Ya bar matarsa Fanna da 'ya'ya huɗu: Kashim, Rahmat, Habib da Ammatullahi. Alhamdu lillahi, dukkansu sun san inda kabarinsa yake, ba kamar iyalan waɗanda irin wancan zargi ya tafi da su ba.